Ƙofa Bakwai Zuwa Gidan Noelene

Daga bakin titi zuwa gidan Noelene Tiller ƙofar shingen gona bakwai ce. Ni zan faɗa muku, don shekara ashirin da takwas ke nan ina raba wasiƙun wannan yankin, Talata da Juma'a. Ba kasafai nake shiga ba. Akwatin wasiƙarsu wani tsohon firji ne da aka girke a gindin bishiyar turare, dab da ƙofar farko, kuma nan ne iyakata. In na buɗe zan zuba takardu da burodi da maganin tumaki, wani lokacin sai in tarar da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, shida ko bakwai, an ɗaure su da igiyar buhu. Da na gani na san Noelene ta gama wani littafin soyayyar, ni kuma aikina in kai gidan waya a garin Hawker a tura wa masu bugawa.

To amma ba a ranar nake kaiwa ba, me zan ɓoye? Sai na nemi inuwa a bakin busasshen rafi, na kashe mota, na zuba shayi, na karance shi tas. Ita ma ta sani. Takan maƙala 'yar takarda a sama: “Coral, don Allah wannan karon kar ki zuba min shayi a babi na tara.”

'Yar ƙaramar mace ce, tabaronta rataye da zare a wuya, ga wata malfa da ta fi ƙarfin kanta. In kuna magana sai ka ga idonta ya wuce ka ya tafi can bayan duwatsu, sai ka kira sunanta sau biyu kafin ta dawo. Littafi talatin da ɗaya ta rubuta, duk da wani sunan aro mai daɗin faɗi, wai don kar a gane ta. Wa ake ruɗa? Har limamin cocinmu ya san ita ce. A kasuwar tumaki maza sukan tare mijinta.

“Clarrie, wai kai ne matuƙin jirgin ruwan nan na cikin littafi, mai faffaɗan ƙirji?”

Sai ya sosa ƙeya, ya dubi sama. “An ce za a samu ruwa ran Alhamis,” in ji shi. Iyakar amsarsa ke nan, kuma ruwan ba ya zuwa.

Clarrie haka Allah ya yi shi. Dogo ne, busasshe, in ya yi maka kalma goma a yini to ranar ya yi surutu. In kun haɗu a hanya, yatsa ɗaya zai ɗaga daga kan sitiyari, shi ke nan kun gaisa, kun tambayi iyali, kun yi sallama.

Abin da zai ba ku mamaki, ita ba ta karanta littattafan soyayya na wasu. Ta ce in ta karanta sai ta ji tamkar ta leƙa ɗakin mutane. Abin da take so shi ne littafin tallan irin furanni da ake aiko mata duk shekara. Sai ta zauna a baranda tana kiran sunayen furannin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, alhali a tsakar gidanta ko ciyawa sai an roƙe ta. Sai kuma labaran masu tafiya a teku, tsofaffi, waɗanda bangonsu ya ɓare. Sai shafin sanarwar mutuwa na jaridar birnin Adelaide, wadda nake kawo mata bayan ta kwana bakwai. In ta ga inda wani tsoho ya rubuta wa matarsa layi biyu masu taɓa zuciya, sai ta yanke da almakashi ta adana a gwangwanin biskit. Kuma kowane littafi ta ɗauka, shafin ƙarshe take fara dubawa. Na ce mata wannan ai cin amana ne. Ta ce ita ba za ta bi mutane tafiyar shafi ɗari uku ba sai ta tabbatar za su isa lafiya.

Rubutu kuwa, a mota kaɗai yake zuwar mata. Ta gwada tebur, ta gwada baranda, har ɗakin askin tumaki ta gwada, shiru. Amma da zarar ta zauna a gefen direba, littafi a cinya, fensir a hannu, mota ta fara gangarawa, sai ka ga bakinta ya fara motsi. Clarrie yana tuƙi a hankali, yana kauce wa ramuka. A waje ƙasa ja ce, fetal, har inda ido ya tsaya, da rana tsaka kuma zafi yakan shimfiɗa wani ruwan ƙarya a kan hanya, yana rawa, kana matsowa yana ja da baya. Ta taɓa ce min a cikin wannan ruwan take ganin jiragen ruwan labaranta. A littattafanta kullum ana ruwan sama. Mata suna tsaye a bakin teku, gashinsu a jiƙe, a babin ƙarshe kuma namiji ya zo a guje ya buɗe baki ya yi ta zuba kalamai, shafi uku, shafi huɗu, har sai ni da kaina na ajiye kofin shayi na share ido. Mu kuwa a nan in an yi ruwa sau uku a shekara sai mu fito waje mu tsaya a ciki.

Na lura da wani abu tun tuni. Duk lokacin da masu bugawa suka fara aiko mata wasiƙar tuni, sai Clarrie ya tuna akwai wani famfon iska mai jawo wa tumaki ruwa a can ƙarshen gona da bai duba ba, tafiyar awa biyu, kuma yana bukatar wanda zai raka shi. Na faɗa mata. Ta ce, “Ke dai Coral, famfunan nan ne ba sa jin magana.”

Yanzu bari in zo kan ƙofofin. Kowa a nan ya san doka biyu tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Wanda ke zaune a gefen direba shi ke fita ya buɗe ƙofa, mota ta wuce, ya rufe. Ko gwamna ne kai, in ka zauna a wannan kujerar, za ka fita. Ta biyu kuma, yadda ka samu ƙofa haka za ka bar ta. A rufe, ka rufe. A buɗe, ka bar ta a buɗe, ba ruwanka da dalili.

Mota ɗaya ce a duk yankin nan da ba ta bin dokar farko. In sun iso ƙofa, Clarrie zai ja birki, ya fito, ya buɗe, ya ɗan tsaya riƙe da ƙofar yana duban motar, ya dawo ya shigar da ita, ya sake fita ya rufe. Noelene tana zaune, kanta a sunkuye. Sau bakwai a fita, sau bakwai a dawowa. Mutane sun yi dariya har sun gaji. Wasu suka ce ta shanye shi, wasu suka ce girman kan 'yan birni ne. Manya kuwa, waɗanda suka san abin da ya faru, ba sa dariya.

Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin. Noelene amarya ce, sati uku da zuwa daga Adelaide, inda take aiki a ɗakin karatu. Cikin zafin Janairu, don a nan lokacin ne bazara, ta ɗauki mota ita kaɗai ta je ɗauko wasiƙu. A ƙofa ta huɗu ta tarar da ita a wangale. Ta ce a ranta wani ne ya manta, bari ta nuna wa surukinta ita ma ta san aiki. Ta rufe, ta sa sarƙa, har ta ƙara ɗaurewa da waya don kyautatawa. Ashe tsohon da gangan ya buɗe, don tafkin wancan ɓangaren ya ƙafe, ta nan tumaki ke bi su sha ruwa. Bayan kwana huɗu aka same su jere a jikin shinge, sittin da uku, kawunansu duk suna fuskantar ruwan. Surukin ya yi faɗan da aka ji a gonar maƙwabta. Clarrie bai ce komai ba. Amma daga ranar bai sake bari ta taɓa ƙofa ba in yana cikin motar.

Ni na ɗauka tsohon zance ne, an binne shi. Sai wata Juma'a, bara, na tarar da ita zaune a kan dutse kusa da firjin, ba littafi a hannunta. Na zuba mana shayi a murfin flas.

“Coral,” ta ce, “kin san inda littattafan nan suka fito?”

“Daga kanki mana, tunda ba shi da hutu.”

“Daga kunya suka fito. Duk sanda ya fita buɗe ƙofa ba ni da inda zan sa idona. Na san yana tsaye yana kallona, yana tuna tumakin nan. Sai na fara zuwa da littafi don in samu abin da zan sunkuya a kai. Da farko zane-zanen banza nake yi. Daga baya na ce bari in rubuta abin da nake so ya ce min.”

Na ce, “Haba Noe! Shekara arba'in?”

“Da ɗaya. Maza talatin da ɗaya na sa wa magana a baki. Shi kuwa nawa, ko sau ɗaya bai taɓa cewa ya yafe ba, balle ya ce yana sona.”

Raina ya ɓaci, na ce mata, “Ke, ki raba ni da maganar baki. Mijina Trevor sau nawa yake ce min yana sona a yini? Har waƙa yake min a gaban mutane. Yana ina yanzu? Yana can birnin Darwin da wata mai gyaran gashi. Ki tambayi mutumin nan mana, ai ba cizo yake ba.”

Ta girgiza kai. “In na tambaya ya ce bai yafe ba fa? Gara in zauna ban sani ba.”

Shafin ƙarshen da ba ta yarda ta leƙa ba ke nan, ita da ke fara kowane littafi daga baya. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushinta, duka a lokaci ɗaya.

Wata biyar bayan haka, Clarrie ya faɗi a wajen askin tumaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, jirgin saman likitoci ya zo ya ɗauke shi. Sati bakwai yana asibiti a birni, Noelene tana gefen gadonsa. Likita ya ce ƙafar za ta ɗan dawo, hannun sai a hankali, maganar kuwa kar a sa rai da yawa, kuma irin wannan ciwon yakan sake dawowa ba sallama. Ta kira ni a waya, muryarta can ƙasa.

“Coral, na yi sakaci. Da yana da baki ban tambaya ba.”

Littafi na talatin da biyu yana nan a jakarta, saura babin ƙarshe. Ta ce ta buɗe bakin mutumin cikin labarin, ta rasa abin da za ta zuba a ciki.

Ranar da aka sallame shi Talata ce. Motar asibiti ta kawo su Hawker, ni na ce zan ƙarasa da su gida, tunda hanyata ce. Muka kwantar da buhunan wasiƙu, muka zaunar da Clarrie a baya don ya miƙe ƙafa, sandarsa a gefe. Noelene ta zauna a gaba. Ya rame sosai, bakinsa ya ɗan karkace. Da ya gan ni ya ɗaga yatsa ɗaya na hagu.

“Uwar... wasiƙa,” ya ce, da ƙyar.

“Ka ga tsohon banza,” na ce, “ka je ka kwanta mata suna maka hidima, ka bar mu da tumaki.”

An ɗan yi yayyafi kwana biyu kafin nan, wani koren abu siriri ya fito a kan jar ƙasar, duwatsun can nesa sun yi shuɗi. Noelene tana riƙe da littafinta a rufe, tana kallon hanya, amma na san ba hanyar take gani ba. Wasu akun daji masu jan ƙirji suka tashi daga kan waya, suka bi mu na ɗan lokaci, suka karkata.

Muka iso firjin, na ja birki a ƙofar farko. Noelene ta kai hannu za ta buɗe murfin mota. Sai hannun hagun Clarrie ya zo daga baya ya dafe kafaɗarta.

“Zauna.”

Kafin mu ankara ya tura murfinsa, ya zuro sandar, ya jawo ƙafar da hannu ya sauke ta ƙasa. Na ce, “Clarrie, kana hauka ne? Koma ciki, ni zan buɗe!” Ko kallona bai yi ba. Ya miƙe yana rawa, ya fara jan ƙafa. Taku goma sha biyu ne tsakanin motar da ƙofar, amma wallahi sai da na ji kamar an yi rabin yini.

Ban taɓa jin Noelene ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta ɓalle murfin ta fito, malfarta ta faɗi ba ta ko waiwaya ba.

“Har yanzu, Clarrie? Har yanzu? Ka gwammace ka faɗi ka mutu a nan da in taɓa maka ƙofa? Shekara arba'in da ɗaya! Na rufe, na sani, ni na kashe su. Me kake so in yi? Ba za ka yafe min tumakin nan ba har mu shiga ƙasa?”

Ya tsaya, ya jingina da ƙofar yana haki. Ya dube ta, goshinsa a tattare.

“Waɗanne... tumaki?”



Ya shiga nema a kansa. Can sai ya ce, “Au. Na Baba.” Ya kaɗa hannu gefe, yadda ake korar ƙuda. “Fari ya kashe... dubu... bayan su.”

“To me ya sa?” in ji ta. “Me ya sa ba ka bari in fita?”

Kalmomin suna fito masa ɗaya-ɗaya, yana tsayawa yana kamo su, ni kuma ina riƙe da sitiyari ina addu'a kar su ƙare.

“Ranar farko... kuka kike. Na ce... ki huta.”

“Sauran ranakun fa?”

“Rubutu kike. In kin fita... ya tsinke.” Ya nuna gilashin gaban motar da haɓarsa. “In na buɗe... in juyo... ina ganinki a can. Kanki a ƙasa. Bakinki na motsi. Kina... murmushi.” Ya ɗaga yatsun lafiyayyen hannun, ya ga ba za su kai ba, ya sauke. “Sau bakwai. Da dawowa... bakwai.”

Noelene ta dafa ƙofar da hannu biyu, ƙofar da aka yi shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa ba a gabansa. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

“Clarence Tiller, me ya hana ka faɗa min?”

Ya ɗan yi tunani. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

“Kin fi ni... iya faɗa.”

Ni dai na juya ina neman wani abu a cikin buhun wasiƙu, ban san ko mene ne ba. Ni da ake cewa ba ni da hawaye, ranar sai da na jiƙa wa wani bawan Allah takardar harajinsa.

Ya ɗaga sarƙar da hannu ɗaya, sau uku tana suɓucewa, ba wanda ya taimaka masa. Ya tura ƙofar da ƙugu. Ya ce mata, “Koma.” Ta tsinci malfarta ta koma ta zauna. Na shigar da motar, ya rufe, ya jawo ƙafa ya shigo, gumi ya jiƙa masa riga.

Tsakanin ƙofar farko da ta biyu akwai 'yar tafiya. Rana ta fara karkata, ruwan ƙaryan nan ya kwanta a kan hanya yana rawa a gabanmu. Noelene ta buɗe littafinta a cinya, ta zaro fensir daga gashinta, ta kalli farar takardar. Sai ta rufe, ta ɗora fensirin a gaban mota, ta cire tabaron ta goge shi da bakin rigarta, ta mayar.

A ƙofa ta biyu na duba agogo. Akwai gida tara da ke jiran wasiƙunsu, ga kuma ƙofa shida da suka rage har da wannan, kowace da irin wannan tafiyar hawainiyar. Na buɗe baki zan ce a bar ni in fita wannan karon. Noelene ta dafa min gwiwa.

Clarrie ya sauka. Ya ja ƙafa, ya isa, ya yi fama da sarƙar, ya tura ƙofar. Sannan ya juyo, yadda ya saba, ya dubi gilashin. Sai ya tarar kanta a ɗage, tana kallonsa.

Tsoho ɗan shekara saba'in ya rasa inda zai sa kansa. Ya cire hula, ya mayar, ya dubi sama ko akwai hadari, ya sake dubanta. Ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

Na sa giya zan wuce.

“Coral,” ta ce, ba ta juyo ba, “kashe motar. Bari in ɗan gan shi tukuna.”